Kati Mai Ramu Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na durƙusa gaban surukina ina fere kan kabul da reza. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Buza, lissafi nake koyarwa. A unguwarmu kuma ina da wani muƙami da ba wanda ya naɗa ni: ni ne masanin ordinatar, wato kwamfuta. Dalilin bai wuce ina da ita a gida ba, irin babbar nan ta tebur mai akwati a ƙasa. Duk wanda wayarsa ta rikice, wurin Mushe ake kawowa (haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu). Ni kuwa in haɗe gira, in kashe, in kunna, in ta tashi in karɓi godiya. (Iyakar ilimin ke nan fa, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba.)

Gidanmu a kwari yake, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka ƙasa. Don haka akwatin intanet ɗinmu can sama kusa da rufi na rataye shi, kabul ya sauko ta bango ya shiga bayan ordinatar, don ita ba ta kama rezo ta iska. Haka muke zaune lafiya har ranar Talatar da aka yi ruwa da wata tsawa mai firgitarwa. Washegari na kunna, ba intanet. Na leƙa baya, ɗan koren hasken da ke ƙyaftawa a bakin ramin kabul ya mutu, ramin ya yi baƙi, har da ɗan ƙauri. Na ce ramin ne ya ƙone, sai an sa sabon katin rezo. Wannan karon kuwa daidai na faɗa, abin da ya ƙara kumbura mini kai ke nan.

Matsalar ita ce Rabi, maiɗakina. Ungozoma ce a likitar gari, wato asibiti. Shekara uku tana neman gurbin ƙarin karatu a Yamai, a bana ta ci rubutacciyar jarabawa, saura hira ta bidiyo ranar Asabar da ƙarfe goma. An kuma ce sai a ordinatar, ba a waya ba, don akwai takardar da za ta cike suna kallo.

"Baban Nana," in ji ta, "ko in tahi Madawa tun Juma'a, in kwana wajen ƙawata, in yi a siber, shagon intanet?"

"Ina raye?" na ce. "Matar Mushe a siber? Cikin ɗakinki za ki yi ta, kan kujerarki, da shayinki a gaba."

Ranar Alhamis da hantsi na hau moto sai Madawa. Jama'a, murnar da nake a hanyar nan! Gero ya fito kore shar dama da hagu, iska mai sanyi, ni kuwa ina ta tsara yadda labarin zai bazu: tsawa ta kashe, Mushe ya tayar. Har waƙa na yi. Ban ɗauki hoton cikin akwatin ba, ban ɗauko kabul ɗin ba, ban ma rubuta sunan injin ba. Me masani zai yi da waɗannan?

Butik ɗin kayan ordinatar da aka kwatanta mini na wata mata ne, Madam Zali, mai kimanin shekara arba'in, da tabarau a kan hanci, tana gyaran wata ordinatar. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni da Faransanci mai nauyi don ta san da wa take magana.

"Kun zo da hoton cikin?" ta tambaya. "Mazaunin katin dogo na ko gajere? Akwatin siriri na ko mai faɗi?"

"Madam, na san injina," na ce.

Ba ta yi gardama ba. Ta jera mini kaya uku a kan tebur: kati ƙarami mai gajerun haƙora, wani mai dogaye na tsofaffin injuna, da wani ɗan abu kamar yatsa da ake sokawa a ramin USB. Ta ce tunda ban san mazaunin ba, ɗan yatsan ya fi, ba sai an kwance komai ba. Na dube shi na taɓe baki. Wannan ɗan mitsitsin zan kai gida in ce shi na je Madawa ɗaukowa?

Can sai idona ya faɗa kan wani kwali a ƙarƙashin tebur, cike da tsofaffin kaya. A sama ga wani kati kore, babba, haƙoransa na sheƙi kamar zinariya. Na ɗago shi na duba. Ramu biyu ne da shi! Duk na kan tebur rami ɗaiɗai ne. Nan take lissafi ya zo mini: rami biyu, gudu ninki biyu.

"Wannan nake so."

"Mushe, wanga ba shi na ba. Wanga ai..."

"Madam," na katse ta da murmushin tausayi, "shekara goma sha biyu ina koyar da lissafi. Biyu ta fi ɗaya."

Ta cire tabarau ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Sannan ta ce in ɗauka kyauta. (Na ɗauka girmama malamai ne. Wallahi haka na ɗauka.) Ta naɗe shi a takarda, ta rubuta lambarta a jiki, ta ce, "Ku aje wagga, kada ta ɓace."

Da na iso gida Rabi ta tare ni da albishir: Baba zai zo gobe daga Keita, ya yi Juma'a a nan, ya sa mata albarka. Baba mahaifinta ke nan, Alhaji Mamman, dattijo mara yawan magana. Shekara takwas da aurenmu, sau biyu kacal ya taɓa taka gidana, kuma kullum ina jin kamar bai gama yarda cewa ƴarsa ta yi dace ba. Sai na ce a raina, ga dama ta samu.

Da safen Juma'a na kwance akwatin, na danna katin a dogon mazauni, ya zauna daram. Na kusa yin guɗa. Rabi ta ce in jona kabul mu gwada. Na ce a'a, sai Baba ya zo. Ta roƙe ni har sau uku. Na ce ta kwantar da hankalinta. Bayan haka ma na aika wa abokan aikina biyu, Mushe Sani da Mushe Lawali, na ce su biyo bayan masallaci su ga aiki.

Aka sauko daga Juma'a, aka ci abinci, na shigo da su falo. Baba ya zauna kan tabarma da carbinsa, abokaina a gefe, Rabi a bakin ƙofa. Na gyara babbar rigata na soma darasi.

"Baba, intanet kamar ruwa yake. Wannan kabul shi ne tiyo. Tsawa ta fasa bakin randa, ni kuma na je Madawa na samo sabon baki. Ba ma ɗaya ba, biyu."

"Madalla," in ji Baba.

Na yi bisimilla da ƙarfi, na durƙusa, na kai kan kabul bakin ramin farko. Bai shiga ba. Na ce wannan na ajiya ne, na koma na biyu. Bai shiga ba. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, na danna har akwatin ya matsa. Kan kabul ya fi ramin faɗi, kowa na gani, ni ma ina gani.

"Damina ce," na ce. "Roba tana kumbura da damina. Maman Nana, miƙo mini reza."

Ta miƙo. Na shiga fere gefen robar kamar mai fere fensir. Ba ka jin komai a falon sai ƙar-ƙar ɗin reza. Can sai ɗan harshen da ke riƙe kan kabul ya ɓalle, ya yi tsalle ya faɗa kan tabarmar Baba, daidai gaban gwiwarsa.

Baba ya ɗauke shi ya duba. Ya ajiye carbi, ya laluba aljihu ya sa tabarau.

"Mushe, ɗan juyo min akwatin in gani."

Na juyo. Ya sunkuya, bai fi ƙiftawar ido ba ya ɗago.

"Wanga ai ramin tarho na. Katin fakis na, irin na da. Guda layi ka shiga, guda a jona tarhon tebur. Shekara talatin ina ɗaura irinsu ofis-ofis." Ya karɓi kabul ɗin daga hannuna a hankali, ya nuna mini bakinsa. "Naku waya takwas gare shi. Ƙidaya na cikin ramin ka gani."

Ni, malamin lissafi, aka ce in ƙidaya. Kuma na ƙidaya, a gaban kowa. Ba su kai takwas ba, ko kusa. (Na san Baba a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Duk shekarun nan na ɗauka tambur yake sayarwa, ban taɓa tambaya ba. Ashe mutumin da nake wa bayanin tiyo da randa shi ke hawa turakun waya tun ban shiga lakwal ba.)

Mushe Sani ya kama tari, ya fita waje, muna jin tarin ya koma wani abu daban. Mushe Lawali ya cusa fuska cikin hula. Rabi kuwa ba ta yi dariya ba. Idonta ya ciko, don yanzu ba kati, ba kabul, hira kuma gobe. Wannan ya fi komai ƙona ni.

Ita ta tsinto takardar da aka naɗe katin, ta kira lambar, ta sa a lasifika don Baba ya ji. Tana fara bayani Madam Zali ta ce, "A'a, gidan Mushe mai lissafi na? Biyu ta hi ɗaya?" Nan Baba ma ya kasa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Rabi ta ɗauki hoton cikin akwatin ta tura. Madam ta ce akwai gajeren mazauni, ƙaramin katin nan zai yi, in zo kafin ta rufe. Baba ya auna tsawon kabul da taku. Na hau moto, hadari na haɗowa daga gabas. Ban yi waƙa ba wannan karon, addu'a na yi ta yi kada ruwa ya cika kwari ya tare ni. A butik na gaishe ta da Hausa tsantsa, kaina a ƙasa. Ta ba ni ƙaramin katin da sabon kabul, ta ɗora ɗan yatsan nan a kai ta ce ko da wani abu. Duk abin da ta ce, "To, Madam" nake cewa. Ruwa ya kama ni a hanyar dawowa, na cusa kayan cikin leda a ƙirjina, na iso gida ana kiran magariba, laka har gira.

Baba ne ya sa katin, Rabi na karanta masa bayanin da Madam ta rubuto mana a takarda, ni ina riƙe da kusoshi a tafin hannu. Ya soka kabul, ya ce ƙyas. Koren haske ya ƙyafta! Na daka tsalle na yi kabbara, na manta da kunyar suruki na rungume Baba, laka da komai. Ya bubbuga bayana ya ce, "To, to, Mushe, ya isa."

Asabar ƙarfe goma Rabi ta zauna kan kujerarta, hoto bai tsinke ba ko sau ɗaya. Mu kuwa muna tsakar gida ni da Baba, muna kasa kunne kamar masu jiran haihuwa. Bayan sati biyu sunanta ya fito. Yanzu haka tana Yamai.

Darasin da na ɗauka bai da tsawo. In mai butik ta ce maka "ba shi na ba", rufe bakinka ka bar ta ta ƙarasa maganar. In kuma ta ba ka abu kyauta tana kallonka da tausayi, kada ka yi godiya tukuna, tambayi dalili.