Dokar Hana Hayaƙi da Na Kafa a Gidana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da matata Rakiya ta ɗauki cikin fari, a shekarun tamanin. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a filayen noman rani na tsakanin Kura da Bunkure, ina yawo da biro uku a aljihu (ɗaya ne kawai ke rubutu), ina ji kamar da ni aka haƙa madatsar ruwan Tiga.

Cikin na wata biyar Rakiya ta fara fama da ciwon kai da tashin zuciya, idonta kullum yana ruwa. Da ta je awo, Sista ta ce ta nisanci hayaƙi da duk wani wari mai ƙarfi, domin abin da uwa ta shaƙa yana iya taɓa ɗan cikin. Na tsorata ƙwarai, sai dai tsoron nawa da iyayi ya fito.

A yini ɗaya na mayar da murhu can ƙarshen tsakar gida, na fitar da risho daga ɗaki, na zare tsummokaran da aka cusa a taga, na sa gidan sauro maimakon maganin sauro mai hayaƙi. Sannan na juya kan Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifina da ta zo taya mu zama, na ƙwace mata kaskon turaren wuta, har da yi mata lacca a kan huhu. Ta dai dube ni ta ce to.

Mako biyu, Rakiya ba sauƙi. Na yanke hukuncin Gwaggo na kunna turare idan na tafi gona. Ta rantse, ban yarda ba. Na je na roƙi Sista ta biyo gidan, wai ta ja wa tsohuwa kunne.

Ta zo ranar Asabar da hantsi, matan maƙwabta suka shigo kallo. Ina gaba ina nuna mata gyare-gyarena. Tana sa ƙafa a ɗakin Rakiya ta tsaya, ta ja hanci.

"Malam, me ke ƙarƙashin gadon nan?"

Na ce 'yan kayan aiki ne. Ta ce in jawo su.

Na durƙusa a gaban mata na jawo injin feshi, da galan ɗin maganin ƙwarin tumatir wanda murfinsa ya tsage, ya jiƙa daɓe. Ni na ɓoye su a can don kada manoma su dame ni da aro. Hancina ya saba da warin, Rakiya kuma kunya ta hana ta faɗa. Rigar da nake feshi da ita ma tana rataye a bayan ƙofa.

Gwaggo ta gyara mayafi, a hankali ta ce, "Ɗan nan, wannan ma turarena ne?"

Da hannuna na kwashe su zuwa rumfar gona, na kankare daɓen, mata na ƙunshe dariya. Rakiya ta koma ɗakin Gwaggo, cikin 'yan kwanaki ciwon kai ya sake ta. Da damina ta haifi 'yarmu lafiya lau.

Sista ta ce gyare-gyaren nawa duk daidai ne, a ci gaba da su. Abin da na ƙaru da shi dai, kafin mutum ya yi wa wani wa'azin wari, ya fara shinshina rigarsa.