Yadda Za Ka Zama Gwarzon Gari Daga Kan Rufin Shago

Matso nan, ɗana. In ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta kwalejin garinku ta saba shan kashi, ga hanyar da za ka yi suna ba tare da ka taɓa ƙwallo ba. Tabbatacciya ce, don a kan idona maƙwabcina Delbert Hoskins, mai sayar da tayoyi, ya bi ta bara.

1. Rantse a gaban jama'a

Ranar da aka lallasa ƙungiyar kwalejinmu, Bijiman Harlan Creek, 48 da 3 a wasan farko, Delbert ya tsaya a filin ajiye motoci, inda ake gashin nama, ya ɗaga murya: "Zan hau rufin shagona, ba ni saukowa sai yaran nan sun ci wasa!"

Matarsa Loretta ta ce, "To tafi da bargo, maigida. Na ga yadda suke jifa."

Kada ka yi shawara da kowa. Masu hankali ba sa fitowa a jarida.

2. Zaɓi rufin da ake hango fili

Kowace Asabar ka miƙe, ka yi ta ɗaga wa 'yan wasa hannu. Mutane za su aiko maka da kaza soyayya cikin bokiti, masu mota su yi maka ham. Ci ka ƙoshi, ba za ta ɗore ba.

3. Koyi fassara kaye

An ci ku 31 da 0? Ce masu tsaron baya sun fara hankali. Ƙwallo ta faɗo wa ɗan wasanku a ƙirji ya sake ta? Iska ce. Da ganye ya gama zuba, bokitin Delbert ya koma zuwa da gurasa zalla, daga baya ma sai Loretta ta tuna.

4. Manta da auren 'yarka

Marlene, 'yarsa tilo, ta sa bikinta ranar wasan ƙarshe. Ta tsaya gindin tsani ta ce, "Baba, ko ka sauko ka riƙe hannuna zuwa gaban fasto, ko in roƙi Kawu Vernon."

"Vernon? Mai goyon bayan abokan gabanmu?"

"Shi dai a ƙasa yake kwana."

5. Sauko a ɓoye, ka bar wakili

Cusa ciyawa cikin rigar sanyinka, ɗora mata hula, zaunar da ita tana fuskantar fili. Haka Delbert ya yi, ya kai 'yarsa har gaban fasto yana sharar hawaye, yana warin kwaltar rufi.

6. Karɓi sakamako

Ana yanka kek, Bijimai suka ci 13 da 10. Ɗalibai suka tumɓuke sandunan gola, suka nufi shago da ganguna, suka sauko da gwarzonsu. Ciyawa ta zube.

Har ɗakin biki suka biyo Delbert. Kocin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, wata uku kana kallonmu ana cinmu. Yau ka kau da ido, sai ga nasara."

Loretta ta ce, "Ni na daɗe da sani. Duk abin da ya sa wa ido haka yake ƙarewa."

Bana ciyawar ce a kan rufi, har da rigar ƙungiya. Delbert kuwa kowace Asabar ana kulle shi a ɗakin ajiyar coci, inda ba taga.

Suna dai ya yi. In ka bi matakan nan sanyi ya cinye maka yatsu, ko ciyawa ta gaje ka, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni tsohuwa ce, tsani kawai na ara wa Delbert.