Hotunan Suna da Suka Fito Kore

Ranar sunan ɗan yayata a unguwar Nima, na hana kowa ɗaga waya don ɗaukar hoto. "Ku ajiye," na ce, "fim ɗin kyamara na ƙwararru na samo a kasuwar Tudu, mai fito da fatar mutum yadda Allah ya yi ta." Ashe fim ɗin ya daɗe da lalacewa.

Da aka wanko hotunan, kowa ya fito kore shar, har jaririn. Kakarmu ta ƙura wa nata ido, ta ce, "Ni ce nan, ko miyar ganyen kontomire?"

Yaya dai ta yarda in sake gwadawa da Sallah. Amma har yau in na fito da kyamara, sai matan layinmu su ce, "Mai kontomire, yau wa za ka dafa?"