Kakata Ba Ɓera Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ƙuruciya Dawo, dodon furfura, mai mayar da tsohuwa budurwa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ranka ya daɗe, ina neman afuwa tun kafin in fara. Ni ko sallama zan yi a gidan mutane sai an ce in ɗaga murya, kuma in ban da littattafan soyayya da nake ɓoyewa a cikin jakar makaranta, ba wani karatun kirki nake ba. Dole ce ta sa ni rubuto maka.

Kakata, Inna Uwani, ta sayi kwalbar ƙwayoyinku a tashar Gusau, wajen mai lasifika. Da yake ni ce mai boko a gida, ni ta miƙa wa in karanta mata rubutun jiki. Na karanta da irin muryar da nake karanta wasiƙar saurayi a littafi, har ta yi ajiyar zuciya. Washegari ta ajiye maganin hawan jininta na asibiti, wai yarinya ba ta shan maganin tsofaffi. Wannan laifina ne, na ɗauka. Ga naku.

Na ɗaya. Kun ce yana rage shekara goma. Inna ba ta da takardar haihuwa. Abin da ta sani, an haife ta a Rawayya shekarar da fara ta cinye gero. To daga ina za mu fara ɗebewa?

Na biyu. Kun rubuta cewa masana sun tabbatar. Su wane? Ko a littafi, in yaro ya ce zai mutu don so, sai ya turo magabata an gan su da ido. Na daure na tambayi Malama Zahra'u mai koya mana kimiyya. Ta bincika ta ce a kan ɓeraye goma sha biyu aka yi gwajin, na wata biyu. Ku kuka ciyar da su, ku kuka rubuta sakamakon, ba a kuma ware wasu da ba su sha ba don a kwatanta. Ina taya ɓerayen murna. Amma ranka ya daɗe, akwai mai hawan jini a cikinsu? Akwai wadda ta yi shekara hamsin tana daka?

Na uku, hotunan jikin kwalba, na kafin a sha da na bayan an sha. Ta farko Hajiya Hajara ce ta bayan layinmu. Ta biyu ɗiyarta Salma ce, bencinmu ɗaya a aji. A bikin yayarta aka ɗauka, ankon ma yana akwatina. Lallai magani ya kai magani, tunda ya mayar da Hajiya sakandare.

Bayan sati uku Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A asibiti aka auna ta, aka yi mana faɗa kamar ba gobe. Muna dawowa ta ce a bari kwalba ta ƙare tukuna, wanga magani a hankali yake shiga jiki. Ni ba na iya musu da ita. Sai na zubar da ƙwayoyinku a masai, na zuba na asibiti a kwalbar, na ce mata sabon samfuri ne. Ita ce ƙaryata ta farko, kuma a wajenku na koya.

Yanzu jiri ya bar ta, ƙafa ta sace. Jiya ta je suna Bungudu tana ta sa muku albarka, har ƙawayenta huɗu sun ce a sayo musu. Uku daga ciki suna shan maganin hawan jini.

Saboda haka roƙona ɗaya ne. Don girman Allah ku aiko min da kwalabe uku, da tambarinku, da hoton Salma, amma babu komai a ciki. Kwalbar dai na shaida tana aiki.

Taku mai biyayya, a durƙushe har ƙasa,

Nusaiba Bashiru,
Tudun Wada, Gusau.