Akuyar da Ba a Sayar Ba

"Sannu da hanya, tsohuwa. Ke kika jawo akuyar, ko ita ta jawo ki?"

Uwale ba ta amsa wa jikanta ba sai da ta ɗaure igiyar a gindin iccen dogon yaron da ke ƙofar likitar Dakoro. Daga ƙauyensu can wajen Azagor ta taso a bayan motar 'yan kasuwa, tun da saƙo ya iske ta cewa haihuwa ta gardama wa Haula, matar jikanta Abdurrazak, har an kwaso ta a ambilans. Akuyar ce mafi ƙiba a garkenta, kuma don a sayar ta zo da ita.

"Gara ni akuya ke ja na, kai ƙamshin tukunya ke jan ka. Malalacin miji, an ba ka kujerar konseye a majalisar gunduma amma wuyan nan har yanzu kamar na zalɓe. Kwance ta ka kai kasuwa tun masu likita ba su kore mu ba."

"Wa zai sayi wannan? Ai tare kuka yi yaye."

"Ta fi ka daraja. Ita tana ba da nono, kai surutu kake bayarwa."

Abdurrazak ya yi dariya, sannan ya gaya mata an riga an yi wa Haula aiki, an ciro ɗiya mace, kuma ba a karɓi ko dala ba, domin aikin haihuwa da maganin ƙananan yara gwamnati ce ke ɗauka. Uwale ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce tun yana tsirara ta san shi da ƙarya, ya taɓa rantse mata cewa kura ce ta shanye mata fura.

"Zo ki gani da idonki, in ya rage mai gani."

Ta bi shi ciki tana jan takalmi. A gadon ƙarshe ta hango Haula a jingine, tana kurɓar kunu. Uwale ta tsaya cik. Mace ce aka tsaga cikinta, aka ɗinke, ga ta tana cewa sannu da zuwa Kaka. Aka miƙo mata jaririyar, ta karɓa, ta sa kunne a ƙirjin yarinyar ta ji yana bugawa. Ta daɗe tana tasbihi a hankali. Har sau biyu ta tambayi ungozoma ko dai jikan nata ya jinginar da gona bai faɗa ba, ungozoma ta ce babu abin da aka jinginar.

Da suka fito, ta zauna kusa da akuyar, ta dubi Abdurrazak.

"Ranar da Zara uwarka ta kwanta haihuwar ƙanenka, maza na tsaye suna cinikin raƙumi don a samu na mota da na likita. Mai saye na ragi, kakanka na ƙi. Ba a gama cinikin ba aka ce a bari, ba sauran buƙata."

Abdurrazak ya sunkuyar da kai. Can ya ce mata abin da ta gani yau ma ba a kan dutse yake zaune ba. Kuɗin da ake turo wa likitoci daga sama sukan yi jinkiri, magani ya yi ƙaranci. Kuma jibi majalisar gundumarsu za ta zauna, wasu na son a cire kason man ambilans da na taimakon maganin yara a gina rumfunan kasuwa da shi.

"Kai kuma mi za ka ce?"

"Ni sabo ne, Kaka. Akwai manya a wurin."

"Au, ashe kujera aka ba ka ka ɗumama musu. Da na sani da akuyar nan na tsayar, ita ko ba komai za ta yi kuka."

"Ita ai jam'iyyarku ɗaya, ta marasa haƙora."

"Haƙoranka talatin sun tsinana mi? To ji nan. Jibi ka ɗora ni bayan babur ɗinka, ni zan shiga in tambaye su ko rumfa na ciro ɗa daga ciki."

"Ke? Iska ce za ta ɗauke ki tun ba mu fita gari ba, sai dai a tsinto ki a Kornaka."

"A tsinto ni, in dawo da ƙafa. Na sake ka ma daga yau, zan auri direban ambilans, shi ne namiji."

Ya buɗe baki zai rama, sai aka turo wata mai ciki a kan amalanke, mijinta na gudu a gefe babu ko hula. Ma'aikata suka fito suka ɗauke ta, ba wanda ya tsaya tambayar mijin abin da ke aljihunsa. Su biyun suka bi ta da kallo har ƙofa ta rufe.

Abdurrazak ya shafa fuska, ya yi wata 'yar dariya.

"Na ji, kin ci. Ni zan tashi in yi maganar, da sunan uwata zan fara. Ke ki zauna a baya ki dinga hararar manyan."

"Kai zan harara."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro cuku, ta karya shi biyu, ta auna su a tafin hannu, sannan ta miƙa masa babban.

"Ci, ka samu ƙarfin murya. Ban maida auren ba tukuna, sai na ji abin da ka faɗa."