Ranar da Anko Ya Iso Ƙofar Gidanmu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna iyakarsa firamare, kuma ina tsoron wani ɗan Akokan, garin da muke zaune, ya gane ni. Amma abin ya ƙi barin raina. Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba.

Lokacin ina kuku a gidan wani Bature injiniya, kafin a rufe ramin ma'adinai. Mushe (haka muke kiransa, wato maigida da Faransanci) mutumin bakin teku ne a Faransa, ya ce kakanninsu Kelt ake ce musu. In ina yanka albasa sai ya jingina da ƙofa yana ba ni tatsuniyoyinsu: birnin da teku ya haɗiye, da tsibirin da ba a tsufa. Duk labarinsu mutuwa da rayuwa maƙwabta ne. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Anku, wani dogon ramamme mai malfa, da ke yawo da amalanke yana kwasar waɗanda kwanansu ya ƙare. In ya tsaya ƙofar gida, shi ke nan.

Na yi istigfari da na ji. Har wajen malam na je na tambaya ko sauraro kaɗai zunubi ne. Ya ce tatsuniya ce, in manta. Ban manta ba, domin a wannan makon Inna, mahaifiyata, tana kwance da zazzaɓi, ga bikin ƙanwata ya matso.

Ranar Talata da azahar matata ta kira, waya tana yankewa.

"Maigida, anko ya iso! Ga shi nan ƙofar gida a amalanke. Inna aka fara ɗaukar..."

Layi ya katse.

Ban kashe wutar miya ba. Na tare kabu-kabu, a kan hanya ina kuka na kira Yaya a Tasawa na ce, "Yaya, sai haƙuri, Inna lokaci ya yi." (Ban tabbatar ba fa. Ni da nake duba makullin ƙofa sau uku.)

Na tarar da amalanken jaki a ƙofa. Na faɗa gida da salati da ƙarfi, rigar girki a jikina. Mata sun cika tsakar gida, ga atamfa iri ɗaya jibge a tabarma, ankon biki. Inna tana tsaye, tela tana ɗaukar awonta.

"Kai kuma lafiya? Wa ya mutu?" in ji Inna.

Bakina ya riga hankalina. "Ke."

Sai wayar matata ta yi ƙara: Yaya ne, ya riga ya shaida wa liman, an fara shimfiɗa tabarmin gaisuwa.

Inna ta karɓi wayar. "Gawa ce ke magana. Ku naɗe tabarmi ku taho biki." Ta juyo gare ni. "Ɗan nan, ko ɗinkin ba a yi ba ka binne ni? To sai na sa ankona na yi rawa a gabanka."

Ta kuwa yi. Har yau ƙawayenta in sun gan ni sai su ce, "Sannu, maraya."

Abin da na koya: in waya ta yanke, a sake kira kafin a sanar da Tasawa.

Mushe ya koma ƙasarsu ban tambaye shi abu ɗaya ba. Don Allah wanda ya san labarin mutanen Kelt ya sanar da ni: shi Ankun nan a ƙasarsu kaɗai aka ce yana aiki, ko yana ƙetare teku? Ba wai na yarda da shi ba ne. Inna ce ta fara tari.