Gizo-gizon Staf Sun Yi Hijira

Jiya da hantsi matata Godelieve, wadda nake kira Lieve, ta buɗe kabad tana neman zuma, ta zaro kwalba da gizo-gizo biyu a ciki. Ihun da ta yi, har karen maƙwabta sai da ya amsa.

"Rik! Mene ne wannan kuma?"

"Baƙi ne, Lieve. Kwana biyu kawai za su yi."

"To da kai da su, wani zai koma gareji."

Ku tsaya ku ji, jama'a, ban zare ba. Staf, tsohon da ke dafa giya a ƙarshen layinmu, shekararsa saba'in da huɗu, kuma yadda ubansa ya yi haka yake yi. Ya dafa, ya juye a faffaɗan faranti na tagulla a ɗakin sama, ya buɗe tagogi iskar ƙauyenmu ta yi sauran aikin. Daga nan sai gangar katako, shekara uku cur. Yanar gizon da ke saman gangunan kuwa ba a taɓa ta, don gizo-gizo ne ke cinye ƙananan ƙudajen da ke ɓata giya lokacin da ake zuba mata 'ya'yan itacen ceri.

Ana nan sai ga Mai Girma Sarkin Tsintsiya na Gunduma, wato babban duba-gari, Allah ya ƙara masa farin takalmi, da mota uku, ya zo duba gida ɗaya. Ya ɗaga kai, ya ga yana, ya rubuta takarda: a share kafin Juma'a, ko a garƙame gidan. Staf ya zauna a kan ganga, tsintsiya a hannu, ido ya ciko. Shekara talatin na yi ina raba wasiƙu a garin nan, ban taɓa ganinsa haka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wannes mahauci ne ya kawo dabara.

"Kai tsoho, daina wannan fuskar, kar ka tsinka mana giya. Yana ai saƙa ce, masaƙan muke so. Kowa ya kawo kwalba!"

Mu goma sha tara muka hau tsani, masu tumbi da masu ciwon gwiwa, muna lallashin gizo-gizo su shiga kwalabe. Kowa ya tafi gida da rabonsa, Staf ya share rufi tas.

Yau Mai Girma ya dawo. Ya shafa katako da yatsa, ya yi murmushin nasara. Staf ya buɗe masa kwalbar giyarsa mai tsami, ya tsiyaya a hankali. Mutumin ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Ka ji bambanci ko, dattijo? Wannan shi ne ɗanɗanon tsafta!"

"Ranka ya daɗe, aikinku ne," in ji Staf.

Giyar da ta shekara uku a ƙarƙashin yana! Wannes ya shige bayan ganga, wai tari ya sarƙe shi. Aka buga hatimi, mota uku suka tashi, mu kuma muka kwaso kwalabe. Kafin yamma masaƙa sun koma bakin aiki.

Don haka in hanya ta biyo da ku, ku fara da mai tsamin. Kurɓar farko za ta murɗe muku baki, ta uku za ku nemi kujera. Ta ceri ja ce wur, babu sukari, ita Lieve ke sha tana zagina. Akwai wata baƙa mai nauyi ta ƙauyen ƙetaren rafi, wannan kofi ɗaya ya isa, musamman in da keke kuka zo.

Af, na kusa mantawa. Na sha kai wasiƙa ofishin Mai Girma. Yanar da ke bakin akwatin koke-koken jama'a ta fi ta Staf kauri, kuma har na yi ritaya ban ga an aiko musu da takarda ba.